Kyamarori Huɗu da Hoton Kumasi: Ɗan Tarihin Ɗaukar Hoto a Ƙasar Katagum



A cikin adakar Innarmu a nan Itas, can ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da Sallah, akwai wani hoto baƙi da fari guda ɗaya tak. Babanmu ne, Allah Ya jiƙansa, zaune a kujera da babbar riga, ya ɗora hannuwa bisa gwiwoyi, yatsu goma duk a bayyane. Bayansa wani mutum ne tsaye ya dafa kafaɗarsa, bayan su kuma labule mai zanen wani bene da ba na kowa ba. A Kumasi aka ɗauke shi, 'yan watanni kafin gwamnatin Kofi Busia ta fito da dokar nan ta watan Nuwamba 1969, wadda ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar Gana. Waɗanda iyayensu suka shiga wannan tafiya sun san labarin, ba sai na maimaita ba. An bar gado, an bar keken ɗinki, an bar bashi a hannun mutane, amma hoton nan ya hau mota ya zo ƙasar kakanni. Yau ya haura shekara hamsin, kuma in ka kalle shi har zaren aikin wuyan rigar kana iya ƙirgawa.

Ni kuwa daga 2003 zuwa yau na riƙe kyamarori huɗu, kowace ta fi ta bayanta, na kuma ɗauki hotunan da ni kaina ban san adadinsu ba. Kwanakin baya wani ƙanena ya roƙe ni hoton sunan 'yarsa ta fari, zai nuna mata don za a yi mata aure. Ni na ɗauka da hannuna. Na kwana uku ina nema, babu. Abin da ya sa ni zaman rubuta wannan tarihi ke nan.

Lokacin da kyamara ke hannun baƙo

Bature na farko da ya bar mana bayanin garin Katagum a rubuce shi ne Hugh Clapperton, wanda ya iso a watan Janairu 1824 daga Barno, zamanin Sarki Ɗankauwa. Abokin tafiyarsa Dokta Walter Oudney a nan ƙasar ya mutu, a Murmur. Clapperton ya rubuta yadda ya ga ganuwa da kasuwa, har ya lura cewa a nan ya fara tarar da ana ciniki da wuri. Hoto kuwa bai ɗauka ba, don ba a ƙirƙiro shi ba tukuna. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar Louis Daguerre a birnin Faris. Wato ke nan Malam Zaki da ya kafa masarautar da magadansa na farko, babu mai iya ce maka ga kamanninsu sai abin da baki ya riƙe.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, kyamara ta riga ta zama abin da ma'aikaci ke sawa a jaka, domin tun 1888 George Eastman ya fito da Kodak ɗinsa mai ɗaukar hoto ɗari. Su suka riƙa ɗauka: joji da di'o da likita, da masu binciken ƙudan tsando irin waɗanda suka zauna a Gadau a shekarun 1930. An mayar da fadar masarauta daga Katagum zuwa Azare a 1916, an yi manyan hawan daba a Kano a 1913 da 1925, an yi na Sarauniya a Kaduna a 1956, duk mai kyamara baƙo ne, mu kuwa abin ɗauka. Wanda ya taɓa duba irin waɗannan tsofaffin hotuna zai ga abu guda: sarki da Bature ake rubuta sunansu a ƙasa. Sauran jama'a, mai riƙe da linzami da mai tallan fura, sai dai a ce "wasu mutanen gari". Kakan wani ne fa.

Bayan Bature sai mai hoto na kasuwa. A yawancin garuruwan Arewa wannan sana'a 'yan Kudu ne suka fara riƙe ta, musamman Yarabawa, kuma haka na taso na tarar a Azare. Akwai mai akwatin katako a kan ƙafafu uku, wanda zai lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya zura hannu cikin akwatin ya wanke hoton nan take, ka tsaya ka karɓa. Shi ne na fasfo da takardar makaranta. Dattawanmu da yawa ba sa son hoto, wasu don abin da suka ji daga malamai, wasu don kunya kawai, ba su taɓa zama gaban kyamara ba sai da kujerar Makka ta samu. Shi ya sa a gidaje da dama hoton kaka ɗaya ne, ɗan ƙarami, da rabin tambarin hukuma a kusurwarsa.

Mu 'yan Gana, kamar yadda ake kiranmu har yau ko da yake a nan aka yanke mana cibi, mun ɗan bambanta a nan. Iyayenmu sun zo da sabon hoto daga zango. A can hoto wasiƙa ne: ka sa rigarka mafi kyau ka zauna, ka aika gida a ga cewa ba ka lalace a bariki ba. Irin wannan zama na nuna kai shi ne ya ɗaukaka Seydou Keïta na Bamako, da Malick Sidibé wanda har lambar girma ya samu a Venis a 2007. Abin da Turai ta rataya a gidajen kallo, mu a adaka muka ajiye namu.

Zamanin fim mai kala ma na same shi. Ka sayi mai ɗaukar 24 ko 36, ka yi ta tattali, wani lokaci fim ɗaya ya ga ƙaramar Sallah ya ga babba. In ya cika a ba direba ya kai wanki Kano, ka yi mako kana jira, ya dawo ka ga rabin mutanen an sare musu kai.

Ta farko da ta biyu

Abin mamaki, kamfanin Kodak ɗin da ya rayu da sayar da fim, a cikinsa aka haɗa kyamarar dijital ta farko. Wani injiniyansu, Steven Sasson, ya yi ta a 1975. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta ɗigo dubu goma ne kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Ba ta iso hannun irina ba sai bayan kusan shekara talatin.

A 2003 ne na je Kano sayen kayan shago, na ga wata Sony Mavica ta hannu a Sabon Gari, irin wadda aka fara fitarwa a 1997, mai cin faifan filofi. Wallahi ban san me zan yi da ita ba, sha'awa ce kawai. Mai shagon ya ɗauke ni, ya juyo min bayanta, na ga fuskata nan take. A nan aka gama ciniki, kuɗin buhun sukari biyu suka tafi, na dawo gida ina shirya abin da zan gaya wa Yaya.

Hotonta ɗigo 640 ne a kwance, 480 a tsaye, abin da ƙaramar wayar yara ta fi yanzu. Faifai ɗaya na ɗaukar ashirin ko talatin. In ka latsa sai ka ji tana gurnani tana rubutawa, ka jira ta gama kafin ka sake. Amma a Itas ta wancan lokaci, da wayar salula ma ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba (a 2001 aka fara), abin kallo ce. Yara suna bina har bakin kogi. Tsofaffin da suka ƙi mai hoto shekara da shekaru sai ga su suna cewa, "Yaro, nuna min in gani." Na lura da wani abu a nan: ba hoton ne yawancinsu ke gudu ba, tafiyar da za a yi da shi inda ba su sani ba ce. Da suka ga ana iya gogewa a gabansu, sai hankali ya kwanta. Wata gwaggona ta sa na goge nata sau huɗu, sai da ɗaurin ɗankwalin ya yi mata.

A wannan shekarar ce kuma aka yi rajistar katin ɗan ƙasa, daga baya a farkon 2011 hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta zagaya da kwamfutoci masu ɗan idon kyamara, ta yi wa mutum fiye da miliyan 73 rajista. Ina jin mafi yawan mutanen ƙauyukanmu hotonsu na dijital na farko hukuma ce ta ɗauka, fuska a murtuke.

Matsalar Mavica ba a Itas take ba, a bayan ɗauka take. Ba ni da kwamfuta. Sai in tara faifai in tafi Azare gidan intanet, in biya kuɗin awa, in tura wa dangi a Kumasi hoto biyu ko uku kafin a ɗauke wuta. Sauran faifan na zuba a kwali. Zafin bazara da ƙura da raɓar damina suka yi aikinsu. Da na waiwaye su bayan 'yan shekaru, rabi sun ƙi buɗewa, sauran kuma kwamfutocin da ke da ramin filofi sun ƙare a gari.

Ta biyu Canon ce ƙarama, PowerShot A520, mai ɗigo miliyan huɗu, na saye ta a 2006. Tana shiga aljihu, tana cin memori, tana jawo abu kusa, batirinta kuma irin na rediyo guda biyu. Na yi murna da wannan, sai na ga batirin kan tebur na kasuwa ba ya kai hoto goma. Dole na koma masu caji, na koma kai caji shagon mai janareto. Da ita na ɗauki sunan da ƙanena ke nema.

Inda na fara koyo

Gaskiya shekara shida na yi ina latsawa ba ina ɗauka ba. Koyo ya fara ne a 2009, da na samu Nikon D40 ta hannu, babba mai canza madubi. Kafin 2003 irin waɗannan sai 'yan jarida da masu hali. A shekarar ne Canon ta fito da 300D a ƙasa da dala dubu, sauran kamfanoni suka biyo, bayan 'yan shekaru kwancensu ya fara gangarowa kasuwannin Kano.

Ɗigonta miliyan shida ne, ga shi a lokacin ana tallan ƙanana masu goma da sha biyu. Abokaina suna min dariya wai na ba da kuɗi da yawa na sayi baya. Nan na gane yawan ɗigo ba shi ne kyau ba. Farantin da ke karɓar haske a cikinta ya ninka na ƙananan sau da yawa a faɗi, shi ya sa hoton magariba ke fita sumul ba yashi-yashi. Miliyan shida kuma ya isa ka wanke hoto mai faɗin takardar ofis. Masu talla sun ci kuɗin mutane da wannan lissafi na megafiksil ba kaɗan ba.

Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne farar riga da baƙar fuska. Ku duba hotunan ɗaurin aurenku na da: shadda fes, fuskar ango kuwa kamar an shafa mata gawayi, sai haƙora. Dalili shi ne kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki. In ta ga fari ya cika wuri sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuska ta tafi. Maganinsa ka ƙara mata haske da hannunka mataki ɗaya, ko ka ja mutanen zuwa inuwar darbejiya, ko ka kunna fitilarta ko da rana tsaka ce. Wannan matsala ma tana da nata tarihin. Shekaru da yawa gidajen wankin hoto suna daidaita kalar injinansu da katin gwaji mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Ba da fatarmu aka auna abin ba tun farko. Sai a zamanin waya ne kamfanoni irin Tecno, da kasuwarsu ke Afirka, suka mai da fitar da baƙar fata abin talla.

Sai lokaci. Daga hantsi zuwa azahar rana a tsakiyar ka take, ido ya faɗa rami, hula ta yi wa goshi inuwa. Sassafe da bayan la'asar su ne na hoto. Masu su a kogin Jama'are da asuba, shanu suna dawowa cikin ƙura da yamma, mata a fadama lokacin yankan shinkafa in sun yarda. Hunturu kuwa abokin hoto ne kuma maƙiyin kyamara: hazo yana tausasa haske, amma ka kuskura ka cire madubi a waje, ƙura ta sauka kan farantin, duk hoton da ka ɗauka sai ka ga ɗigo-ɗigo a sararin sama kamar tsuntsaye. Sau ɗaya na gwada gogewa da bakin rigata. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sai da ta je Kano.

Hawan Sallah a Azare shi ne jarrabawa. Shekarar farko duk dawakin jahi sun fito kamar hayaƙi. Kafin shekara ta zagayo na koyi cewa dokin da ke sukuwa sai an sa ƙiftawar kyamara ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma wurin tsayawa ya fi kyamara muhimmanci: rana a bayanka, ka durƙusa, ka san ta inda za su ja linzami. Na riƙa kallon aikin Sani Maikatanga na hawan Kano ina gwada nawa. A 2010 na samu hoton da har yau nake gani in na rufe ido: Mai Martaba Sarkin Katagum Alhaji Muhammadu Kabir Umar a ƙarƙashin laima, ya ɗaga hannu, wani ɗan yaro a wuyan babansa shi ma ya ɗaga nasa. Sarkin ya hau gadon a 1980, ya rasu a Disamba 2017, ɗansa Alhaji Umar Faruk na biyu ya gaje shi. Hoton kuwa ya riga shi tafiya.

Yadda abin ya faru ba wani labari ne mai tsawo ba. Na sayi kwamfutar cinya ta hannu, na kwashe komai na zuba a ciki, na Canon da na Nikon da ɗan abin da na ceto daga filofi, ina goge memori ina sake cikawa. Wuri ɗaya, kwafi ɗaya. Wata rana a 2015 na kunna ta sai ƙas-ƙas-ƙas. Mai gyara ya ce rumbun ajiyarta ya mutu. Na kai wa na biyu, na kai wa na uku a Kano, kowa ya karɓi kuɗin dubawa ya girgiza kai. Shekara goma sha biyu. Har da hotunan Baba na ƙarshe, yana alwala a ƙofar gida, waɗanda na ɗauka bai sani ba. Ban taɓa wanke ko ɗaya ba, kullum ina cewa sai na zaɓi masu kyau.

Dama a lokacin kyamarar ta fara zaman gida. Bayan bama-baman da suka tashi a Azare a ƙarshen 2014, har da na kasuwar wayoyi, mutum ya rataya babbar kyamara ya shiga taro sai a bi shi da ido, kuma ba ka ganin laifin kowa. Shi ya sa nake jinjina wa Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda a 2015, abin na kan ganiyarsa, ta fita titi tana ɗaukar rayuwar mutanen Barno ta yau da kullum. Ni dai na ninke tawa na sa a akwati.

Ta huɗu

Ta huɗun waya ce, kamar ta kowa. Ba ni kaɗai ba: alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna an fitar da kyamarorin dijital wajen miliyan 121 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan tara ba. Kodak kanta ta shigar da takardun karyewar arziki a Janairu 2012. Shagunan hoton da na sani a Azare wasu sun koma buga katin biki da kalandar 'yan siyasa, wasu sun rufe. Yaran da ke karatu a jami'ar Gadau suna ɗaukar hoton da ya fi nawa na 2010 kyau, da hannu ɗaya, suna tafiya suna hira.

Ba na cikin masu cewa na da ya fi. Kyamara ta bar hannun Bature, ta bar hannun mai shago, ta shigo hannun mai tallan fura ɗin nan da ba a rubuta sunanta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka tambayi duk wanda ke kusa da kai ina hotunan wayarsa ta shekara biyar da ta wuce. An sace, ta faɗa ruwa, memori ya ci, an manta lambar sirri. Wanda aka tura ta WhatsApp kuma an matse shi ya rage kyau, in ka zo wankewa sai ya fashe. A garin da ambaliya ke shiga ɗaki ta fita da katifa, takarda ma ba tsira ba ce, na sani. Abin da nake yi yanzu shi ne kwafi uku: ɗaya a waya, ɗaya a intanet, sannan duk bayan Sallah in zaɓi ashirin in kai Azare a wanke, in zauna da biro in rubuta suna da wuri da shekara a bayan kowane, in sa a leda in ɗora saman sif. Nikon ɗin ma na fito da ita bara, na sai mata sabon batir, tana aiki lafiya lau.

Hoton sunan dai an samu guda ɗaya. Ashe na taɓa tura shi Kumasi a 2007, wani ɗan kawunmu ya wanke ya sa a albam, shi ya ɗauko shi da waya ya dawo mana da shi. Amarya ta gani, ta ce ashe babanta ya taɓa yin gashi.

Wannan rubutun suna da na fara ne ya mai da ni kan adakar Inna. Na juya bayan hoton Kumasi, ba komai sai tambarin shagon da ya kusa gogewa. Na ce, "Inna, wannan da ya dafa Baba fa, wane ne?" Ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo. Ta ce abokin cinikinsa ne na goro, mutumin Salaga, shi ya rako su tasha ranar da za su taso, har ya sai wa Yaya burodi. Sunan ne ya ɓace mata. Ta mayar da hoton ƙarƙashin zannuwa, ta ce in dawo gobe bayan sallar asuba, da safe ta fi tunawa.